Alhamis a Rumfar Sabahat

Shekara talatin da ɗaya ina gaban sikeli
a masana'antar ganye ta Rize,
ina auna buhunan da mata ke saukowa da su daga tudu,
in rubuta, in tura, in kira na gaba.
Hannuna ya rine, rigata ta ɗau ƙamshi,
amma a tsaye nake kurɓa, kamar mai shan magani.
Sai da suka ba ni agogo da takardar sallama
na san ɗanɗanon shayi.

Yanzu ina da kujera a rumfar Sabahat,
ta uku daga dama, mai gajeriyar ƙafa ɗaya.
Na sa mata murfin kwalba, ta daina rawa.
Can ƙasa Baƙin Teku na ta faman wanki,
bai taɓa gamawa ba balle ya yi shanya.
Ta kawo ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu,
ja wur kamar garwashi.
Yatsa biyu nake sa masa, ta baki.
Ba na hurawa. Wa ke kora ta?
Ya huce don kansa, in tare shi kafin sanyi.

Littafin nan kuɗin burodi biyu na ba da
wurin mai tsofaffin kaya a bakin tasha:
labarin wani matuƙin jirgi da ya ɓata shekara tara.
Wani ya riga ni karantawa, da fensir a hannu.
A shafi na sittin ya rubuta "ƙarya ne!"
Na duba, na ce a'a, malam, kai ne ba ka san teku ba.
Ban san shi ba, ƙila ma ya daɗe a ƙasa,
amma muna ta musu, ni da shi, layi bayan layi.

Bayan la'asar Ilyas mai aski ya rufe shago,
ya zo da kamanca, ɗan gogenmu mai tsirkiya uku,
ya tsayar da ita bisa gwiwa kamar jikarsa.
Jan farko, Husnu masunci ya toshe kunne,
wai ƙofar gidansa ta fi wannan daɗin kuka.
Jan na biyu ba wanda ya ce uffan.
Na uku, tsofaffi huɗu sun miƙe, hannu cikin hannu,
kafaɗu na ɓari kamar kifin da aka juye daga koma,
Husnun ne ma a gaba.
Ni gwiwa ta hana,
sai cokalina ke bin kiɗan a jikin kofi,
ƙirjina kuwa ya sauke wani tsohon nauyi.

Sai ruwa. A garin nan ruwa ba ya sallama.
Tsirkiya ɗaya ta ce tas.
Ilyas ya dube ta, ya dubi sama,
kwanon rufi ya karɓi kiɗan daga inda ya tsaya,
Sabahat ta zagayo da buta ba tare da tayi.

Na koma ga matuƙina, na tarar
an yage ganye uku na ƙarshe.
Ya iso gida ko bai iso ba?
Husnu ya ce kifi ya cinye shi.
Sabahat ta ce ya iso, matar ce ta ƙi buɗe ƙofa.
Na bar wa kowa nasa ra'ayi.

Da magariba Nurten ta bugo daga Ankara:
"Baba, me ka yi yau?"
Na ce, "Ba komai, 'yata."
Ta yi shiru irin na masu tausayi,
ta ce ya kamata in nemi abin yi.
Na ce to.
Na sa tsinken ashana a shafi na sittin,
gobe akwai sauran magana,
na ɗaga wa Sabahat yatsa ɗaya:
ƙaro shayi.